Maitama da Mutumin da Ke Tashi Sama

Shekara shida teburina na gyaran agogo yana bakin ƙofar ɗakin kallon Maitama, a bayan layin masu takalma na kasuwar Mont-Bouët. Ban cika shiga ba, amma babu fim ɗin da aka nuna a ɗakin nan da ban san labarinsa ba, domin muryar Maitama tana ratsa katako kamar babu shi.

Mutumin Fagge ne, ɗan gidan mahauta. Ya yi dambe da ƙuruciya har aka karya masa haƙarƙari biyu, mahaifiyarsa ta ce in ya sake ɗaure hannu ba ta yafe ba. Ya biyo fatake ta Duwala ya shigo Libreville, ya yi dakon katako a tashar jirgin ruwa ta Owendo shekara bakwai, sannan ya sayi talabijin da injin bidiyo, ya kama ɗakin katako mai benci takwas da ƙofa ɗaya. Sau biyu ake kallo, bayan azahar da bayan la'asar. Finafinan da Faransanci suke zuwa, masu kallon kuwa yawanci 'yan dako ne da 'yan tireda, Faransancinsu bai wuce na ciniki ba. Saboda haka Maitama ke tsayawa gefen talabijin da 'yar sanda a hannu yana mayar musu da magana Hausa.

Fassarar dai sunanta fassara, amma rabinta faɗa ne.

Tsofaffin finafinan faɗa na mutanen Sin kaɗai yake ganin girmansu. Idan jarumi ya gyara tsayuwa sai ka ji ya ƙwala ihu: "Ku bar kallon hannunsa, ku dubi ƙafarsa! Wannan ya sha duka kafin ya koya." Sababbin da ake yi, waɗanda mutum zai taka ganyen bishiya ya haye rufin gida, ba ya ƙaunar ganinsu. "Igiya ce aka ɗaura masa a ƙugu. Ƙarya ce tsagwaronta." Na masu takobi da tsoho mai farin gemu da ke jefa wuta da sanda, ya ce wannan bokanci ne aka sa wa kiɗa. Na zane kuwa, inda kada zai miƙe ya rera waƙa, cewa yake duk babban da ya zauna kallonsu a kai shi a duba kansa. Amma babu abin da ke tafasa masa zuciya irin na Amurka, na ƙattin da ke sa matsattsen kaya su rufe fuska su tashi sama.

"Namiji ya rufe fuska ya je faɗa?" in ji shi. "A Kano kafin ka shiga fili sai makaɗi ya kira sunanka da na ubanka. Wannan wa ya san ubansa?"

Mutum ɗaya ne ke mayar masa da magana: Hamidou, wani dogon Bafillace daga Garwa, mai tura kurar kaya tsakanin kasuwa da tashar taksi. Kullum bencin gaba yake zama, ƙafafunsa a miƙe har gindin talabijin, kuma masu tashi saman nan su ne abin sonsa.

"Patron," yakan ce, wato maigida, "ni tun asuba nake zufa a bayan kura. Kuma in zo nan in kalli wani yana zufa? Ka bar ni in ga wanda ƙafarsa ba ta taɓa laka."

"Shi ya sa har yanzu kake tura kura. Ƙwaƙwalwarka ta tashi sama ta bar ka."

"Kai da taka ke ƙasa, ina motarka?"

Sai ɗaki ya kwashe da dariya, Maitama ya kore shi, ya ce kada ya sake taka masa ƙofa. Washegari Hamidou ne farkon shigowa, wani lokacin ma da ƙullin gasasshiyar ayaba ya miƙa masa. Maitama zai karɓa yana harara.

A watan Janairu na 1994 muka wayi gari aka ce an karya darajar sefa, ta koma rabi. Duk abin da ke shigowa ta ruwa ya yi tsalle. Mai kawo wa Maitama kaset daga Kwatano ya daina kawo masu kyau, sai kwafin kwafi, hoto na rawa, fuskar jarumi ta koma kore. Tsofaffin kaset ɗinsa na faɗa sun cinye don yawan kallo, injin na tauna su yana tofarwa. Mutane kuma sun rage zuwa. Wanda ya samu ya shigo, abin da zai mantar da shi farashin shinkafa yake so, ba darasin tsayuwa ba. Dole Maitama ya koma nuna abin da ya tsana.

Ranar da ya fara saka na mai tashi sama sau biyu a jere, na ji yana fassara kamar mai yanke hukunci.

"Ga shi nan ya taso. Ya ce zai ceci gari. Wane gari? Ya rushe bene uku kafin ya kama ɓarawo ɗaya. Matar nan tana ce masa na gode. Shagon mijinta ne ya faɗa wa yanzu, tana na gode!"

Abin da bai zata ba, sai wannan ya ja masa jama'a. Aka riƙa zuwa ba don fim ba, don a ji Maitama yana zagin fim. Har 'yan ƙasa da ba sa jin Hausa sukan leƙo su ga yadda jijiyar wuyansa ke tashi. Shi kuwa dariyar tasu ƙara ƙona shi take. Ya taɓa fitowa ya zauna kan bencina yana huci, ya ce, "Mahdi, da gaske nake yi, su kuma sun mai da ni ɗan kama."

Shekara na zagayowa aka shiga maganar katin zama. Aka ba baƙi wa'adi: ko ka gyara takardunka ko ka bar ƙasa. Kuɗin katin ya fi ƙarfin ɗan dako nesa ba kusa ba. Kasuwa ta cika da masu karyar da kaya, gidaje suka yi ta zama kango, motocin masu kaki suna yawo unguwa-unguwa. Ni da Maitama muna da kati tun zamanin da abin ke da sauƙi. Hamidou ba shi da shi. Azumi ya kama a cikin wannan hali.

Matar Maitama, Rabi'atu, ta zo har kasuwa ta same shi a gabana.

"Baban Kamila, ka rufe ɗakin nan. Mutum talatin a wuri ɗaya, ƙofa ɗaya. Kai ba ka ga abin da kake haɗawa ba?"

Ya rufe kwana tara. A na goma Hamidou ya zo da wasu, suka ce yini ya yi musu tsawo, zaman ɓuya a ɗaki ya ishe su, ga kuma sabon kaset ya iso tun kafin a rufe, ci gaban na mai tashi sama. Maitama ya ce a'a. Hamidou ya ce, "Ashe ɗan damben ma tsoro yake ji." Ban ga dalilin da ya wuce wannan ba. Ya ciro makulli.

Ba a yi rabin fim ba motar masu kaki ta tsaya a bakin layi. Mutum shida suka sauko. Biyu suka tare ƙofa, suka duba katina, suka tura ni ciki na tsaya jikin bango. Babbansu, wani mai ƙiba da tabarau, ya ce kowa ya zauna inda yake, za a bi benci-benci daga gaba. Maitama ya kai hannu zai kashe injin, sai mutumin ya ce a bar shi. Ya ja kujerar Maitama ya zauna. Ya ce ya ji labarin mai surutun nan na Mont-Bouët, yau sai ya gani da idonsa. Ya ce a ci gaba.

Na ga hannun daman Maitama ya dunƙule, na ga ya sake shi. Ya ɗauki sandarsa ya nuna talabijin. Ya san babu mai jin Hausa a cikinsu.

"Ga ɗan iskan nan ya sake tasowa," ya ce da ƙarfi. "Ku dubi fuskarsa, kada wanda ya dube ni. Allah ya isa tsakaninmu da mai tabarau. Wannan da ke faɗowa daga bene, ku na bencin baya, katako na uku daga kusurwa ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi ta sama. Ku tura ta ƙasa. Lambatu ne a bayan. Ɗaya-ɗaya, sai an yi ƙara."

Mai tabarau yana ta dariya, yana dukan cinya, yana ce wa yaransa ku ji shi, ku ji shi. A fim ana ta fasa motoci. Duk sanda ƙara ta tashi sai Maitama ya ƙara murya ya matso gaban mutumin yana kaɗa sanda, mutum ɗaya ya sulale. Biyar suka fita. Na shida rigarsa ta maƙale a ƙusa, katako ya buga, aka gani.

Daga nan dariya ta ƙare. Aka kwashi mutum goma sha huɗu. Hamidou tun farko aka kama shi, shi da ke bencin gaba. Da za a fita da shi wani ya buga masa gindin bindiga a kafaɗa don bai sunkuya da wuri ba, a gaban Maitama, taku biyu tsakaninsu. Maitama bai motsa ba. Aka ɗauki injin bidiyon da kaset ɗin a cikinsa, aka bar masa talabijin tana shuuu.

Shi ba a tafi da shi ba, tunda katinsa lafiya lau. Wannan ne ya zama abin magana. Kafin a sha ruwa zance ya zaga kasuwa cewa Maitama ne ya kira su, shi ya sa ya buɗe ranar, shi ya sa babbansu ya zauna a kujerarsa yana dariya. Biyar ɗin da suka tsira suna ɓoye, ba mai fitowa ya ba da shaida. Ni na faɗi abin da na gani, aka ce ai maƙwabcinsa ne. Wanda ya fi kowa yaɗa maganar wani mai sayar da robobi ne, Ahmadou.

Kwana uku Maitama yana zuwa Owendo, inda aka tara mutane a wani fili mai shingen waya suna jiran jirgi. Rabi'atu ke dama kunu ta soya ƙosai, ya ɗauka da jakar kayan Hamidou. Rana ta uku na raka shi, muka sami Hamidou. Ya rame, kafaɗar ta kumbura. Maitama ya tura masa jakar ta ƙarƙashin waya.

"Patron," in ji Hamidou, "yaya aka ƙare? Ya kama mutumin?"

"Wane mutum?"

"Na fim ɗin."

Maitama ya riƙe wayar shingen da hannu biyu. "Kai wane irin mutum ne? Suna shirin zuba ka a jirgi kamar buhun siminti, kana tambayata wannan shirme? Ina na sani! Sun tafi da kaset ɗin. Ya kama shi mana, yaushe ya taɓa kasawa? Shi komai yana yi masa daidai. Ina yake ranar da aka doke ka? Ni ma ina nake? Ina tsaye ina kallo!"

Hamidou ya ce, "Da ka ɗaga hannu da yanzu kana wannan gefen, ko ma ba ka nan gaba ɗaya. Ni na ce ka buɗe." Ya ƙara da cewa, "Kurata tana bayan masallaci. Ka ba Fadimatou." Matarsa ke nan, ita tana da takarda ta wajen gidan da take wa aiki.

Da muka je bayan masallaci babu kura. Muka same ta a gaban rumfar Ahmadou, an loda mata bokitai, har an shafe sunan Hamidou da fenti. Maitama ya ce a sauke kayan. Ahmadou ya ce mai ita ya tafi, kuma wanda ya sayar da shi ba shi da bakin magana.

Naushi ɗaya ne. Ahmadou ya faɗa cikin robobinsa, haƙori biyu suka fita. Ana azumi, a gaban jama'a, mutum mai shekara kusan hamsin.

Dattawan masallaci suka zaunar da su bayan Sallah. Suka sa Maitama ya ɗauki nauyin magani, suka sa Ahmadou ya janye maganarsa. Maitama ya ba dattawa haƙuri, Ahmadou kuwa ko kallonsa bai yi ba. Da muka fito ya ce mini, "Masu bindiga shida na tsaya ina yi musu wasa. Sai mai robobi na iya duka." Ya tura kurar da kansa har ƙofar Fadimatou.

Bai sake buɗe ɗakin ba. Ya sayar da bencunan da talabijin, ya koma unguwar Sotega ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi, sukari da sabulu da sardin. Fadimatou ta bi mijinta Garwa bayan shekara guda, daga nan labarinsu ya yanke mana. Biyu daga cikin biyar ɗin nan sun zama manyan 'yan kasuwa a Mont-Bouët, ɗaya har ya je Sotega ya yi masa godiya da turmin shadda. Maitama ya ce ya ɗauke kayansa, ya tambaye shi ina bakinsa yake lokacin da ake kiransa munafuki.

Har yanzu a Sotega yake, gwiwa ta hana shi zuwa ko'ina. Akwai tsofaffi a kasuwa da in an ambaci sunansa sukan ce, wanne, wanda ya kira mota? Nakan tsaya in gyara musu. Wasu su saurara, wasu su ce to, Allah dai ya sani.