Injin da Pak Tikno Bai Gama Kwancewa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, bayan la'asar, aka bugo waya daga asibiti a birnin Semarang cewa ka cika, Pak Tikno. Ina tsaye gaban dogon teburinka a masana'anta aka faɗa mini.

Aikinka tsara yadda za a haɗa kaya ne tun suna kan zane: wane ƙarfe zai fara shiga, wane noti zai biyo baya. Amma kai ta baya kake farawa. Ka ɗauki samfurin da aka gama, ka riƙa kwance shi kana jerawa a tebur. In an bi jerin daga ƙarshe zuwa farko, tsarin haɗawa ya samu. In mai zane ya kawo abin da yatsu ba za su shiga ba, sai ka kurɓi shayinka ka ce, "Ɗana, an ce maka matan da ke haɗa mana kaya hannun sauro gare su?" Albarkacinka mata da yawa suka tsufa da yatsunsu lafiya.

Ciwo ya kayar da kai ba ka gama kwance sabon injin ban ruwan manoma ba. Samfurin ɗaya ne tak, kai ka rufe murfin cikinsa da hannunka, ya kuma ƙi buɗuwa ga kowa. In ya fashe, aikin ya koma wata masana'anta, matanmu su koma gida. Ni ce mataimakiyarka, amma wallahi tsoro ya hana ni taɓa shi. Duk sanda na miƙa hannu sai in ji kana bayana, har ƙamshin tabarka mai kanumfari. In waiga, kujera ce kawai.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an raba shinkafa, matarka Bu Warsini ta ja ni gefe.

"Ratri, 'yata, ke kin san shi a wurin aiki. Mece ce ma'anar wannan?" Ta danna iska da tafinta, ta murɗa hagu kaɗan, ta ja sama. "Haka ya yi ta yi bayan bakinsa ya rufe. Na ce ko ruwa yake so, ko yaran yake kira."

Washegari na ɗora tafina kan murfin injin, na danna, na murɗa hagu, na ja. Ya fita salin-alin.

Mata suka rungumi juna, aikinsu ya tsira. Ni kuwa na koma gefe da murfin a hannuna. Iyalinka na kewaye da gadonka suna jiran kalma ɗaya, kai kana nan tare da mu a teburi. Har yau Bu Warsini na jiran amsata, ban kuma san da wane baki zan gaya mata saƙonka na ƙarshe ba nata ba ne.

Allah Ya jiƙan ka, Pak Tikno, Ya haskaka kabarinka, Ya hutar da hannun nan. Bu Warsini da yara, Allah Ya ba ku haƙurin abin da muka ɗauke muku na rabonku.