Ranar da na ara wa yayana idanuna

A shekarun da ruwa ya yi mana rowa, gero yana bushewa tun bai kai gwiwa ba, mu mutanen garin Isa mun koyi abu guda: duk baƙon da ya zo ɗaukar hoto, buhun hatsi na biye da shi. Da aka yi shela cewa likitocin ido sun sauka za su ɗauki hoton masu ciwon suga, kafin azahar rabin gari ya kamu da ciwon.

Yayana ne mai ciwon na gaskiya, har da katin asibiti. A gidanmu kuwa babba ba ya bin layi, ƙane ke tsaya masa, na taki ne ko na tallafi. Ranar yana shirin kai akuya kasuwar Bafarawa.

"Kawo katin, Yaya, za ni tsaya maka."

"An ce ido suke dubawa."

"Ai idon gidanmu ɗaya ne. Kai dai share wurin ajiye buhu."

Na sa rigar Sallah saboda hoto. A layi ma'aikaciya ta yi bayani: suga na ɓata ƙananan jijiyoyin jini na can cikin ido tun mutum bai sani ba, na'urar ɗaukar hoton ce ke gano su da wuri, don haka mai ciwon da kansa ake so. Na ji sarai. Buhu nake tunani.

Aka ɗiga mini magani, na ɗora haɓa a kan na'ura, haske ya walƙa. Rigata ba ta fito ba. Likita ya yaba jijiyoyin, ya rubuta a katin yayana cewa lafiya lau, sai baɗi. Hatsi kam ko zangarniya.

Kafin baɗin Yaya ya daina bambanta akuyarsa da ta maƙwabta. Da likitocin suka dawo, ni na ja shi zuwa wurinsu. Likita ya jera hoton bara da na bana, na bana duk ɗigon jini, ya daɗe yana kallo.

"Baba, wannan ba ido ɗaya ba ne."

"Wancan na ƙanena ne," in ji Yaya. "Shi ke bin layi."

Likita ya ce da an gani bara, da an tare ciwon.

Yaya bai taɓa yi mini faɗa ba, na so a ce ya yi. Kullum dai in aka kira salla sai ya miƙo mini bakin sandarsa.

"Shiga gaba," yakan ce. "Naka ne likita ya yaba."