Ramin da ke Ƙarƙashin Madafar Mijinyawa

Sunansa, kamar yadda maƙwabta suka shaida mini, Mijinyawa ɗan Kallamu, jikan Bubayero mai fataucin shanu. Ban taɓa ganinsa ba sai yau a unguwar Ogui, yanzu da yaƙin basasa ya ƙare, 'yan Arewa kuma suna komowa Inugu.

Dogo ne mai furfura, ya naɗe wando har gwiwa. Tabon wuƙa a yatsunsa ya sa na zaci mahauci ne. Yana tsugune gaban bangon madafar da yake sake ginawa, wanda ya sake tsagewa, domin a ƙarƙashinsa akwai ramin ɓuya daga jiragen yaƙi. Waɗanda suka zauna a gidan bayan ya gudu Arewa ne suka haƙa shi. Magini ya ce a cike ramin, Mijinyawa ya ƙi, magini ya kwashe kayansa. Yanzu shi kaɗai yake gitta tsohon ƙarfe a bakin ramin.

Matarsa Zuliha tana fifita wuta a tsakar gida, ga hadari ya haɗo. "Maigida, idan ruwan nan ya sauko, yau ramin naka za ka ci!"

Na yi sallama, na tambaye shi dalilin ƙin cike ramin.

Ya goge hannu a riga. "Malam, ni ma a rediyo kawai na ji an gama yaƙin. Madafa tukunya take ɗauka. Ramin nan kuwa yara tara ya ɗauka, duk suka fito da rai. Ni ina da yara biyar."