Goron Inna a Ƙasar Ayalan

Shekarun baya, lokacin ina malamin gona a Rogo, aka tura mu wani ɗan kwas ƙasar Ayalan kan kiwon shanun madara. Ni da ko Legas ban taɓa takawa ba, sai ga ni zan tsallaka teku. Ana gobe zan tafi na je Tudun Kaya yi wa mahaifiyata sallama. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika kallona ido cikin ido ba. Ta gefe ta miƙo mini wani ƙulli, goro ne fari naɗe a ganye.

"Kai wannan, in ka sauka ka nemi mai garinsu ka gaishe shi. Ka ce in ji tsohuwarka. Ba a shan ruwan gari a fita ba a gai da masu shi ba."

Na ce, "Inna, ai Turawa ne."

Ta ce, "Turawa ba su da manya?"

Na karɓi ƙullin. Mahaifinta shi ne mai garin ƙauyensu, a bakin kogi can wajen Karaye, kuma ta tashi tana ganin baƙi suna ajiye goro a zaurensu. Ina ƙarami aka yi dam, ruwa ya shanye ƙauyen, mutane suka watsu. Tun daga nan ba ta ƙara ambaton garin ba, ko mota ta bi da ita ta gefen ruwan sai ta ja mayafi ta kau da kai. Wannan goro shi ne abu na farko da ta taɓa roƙona, kuma na san in na dawo sai ta tambaya.

A birnin da muka sauka na tambayi wani malaminmu inda fadar mai gari take. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce akwai magajin gari, amma ba a ganinsa haka kawai. Na jefa goron a firji, kullum ina yayyafa masa ruwa kamar mai jinya. Kwas ya zo ƙarshe, goro ya fara yaushi, ni kuwa hankalina ya fara tashi.

Akwai abokina ɗan Karaye da ya daɗe yana aikin asibiti a can. Da na gaya masa, sai da ya yi dariya har da hawaye.

"Mutumina, nan ba dagaci ba mai unguwa. Ka cinye abinka, ka ce mata ka bayar."

"Inna zan yi wa ƙarya? Kai ma ka san sai ta gane."

"To shiga mota. Akwai wani ƙauye da nake zuwa in kewar gida ta dame ni. Ko ba mai gari, akwai tsofaffi."

Har yau in na rufe ido ina ganin ƙauyen nan. Muka gangaro daga tudu cikin yayyafi mai laushi wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe, sai ga shi kwance a gefen kogi, ko'ina kore shar. Wata tsohuwar gada ta dutse ta ratsa ruwan, ganye ya lulluɓe ta. Ruwan kalar shayi ne, yana tafiya a hankali, wasu fararen agwagi masu dogon wuya suna binsa ba ko motsin fiffike. Gidajen ƙanana ne, kowanne da kalar ƙofarsa, hayaƙi na fita ta saman rufi. Can gefe ga kangon wani coci ba rufi, tsuntsaye suna shiga suna fita ta tagoginsa. Shanu na kwance a ƙetare, ba makiyayi ba sanda. Na rasa gane safiya ce ko yamma, don hasken bai yi kama da na kowane lokaci da na sani ba.

Na shiga gaishe da duk wanda na gani, har da cire hula da ɗan rusunawa, abokina na bina a baya yana ƙunshe dariya. Wata mai shago na tambaya wane ne babba a garin. Ta yi tunani, ta nuna mana wani tsoho da ke zaune a kan gada da karensa. Ta ce ba shi da sarautar komai, shi dai ya fi kowa daɗewa, kuma shi ke share tsofaffin kaburbura.

Na je na durƙusa gabansa yadda ake yi a gida. Tsoho ya firgita, ya zaci faɗuwa na yi, ya kama hannuna zai tashe ni. Na kwance ƙullin, na yi masa bayani da Turancina na malamin gona. Ya saurara har na gama, bai yi dariya ba. Ya ɗauki goro ɗaya ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, amma ya daure ya haɗiye.

Ya ce, "Ina garin mahaifiyar taka?"

Na ce, "Yana ƙarƙashin ruwa."

Ya juya ya kalli kogin. Ya ce ta nan mutanensu suka riƙa bi a jirgi suna tafiya neman abinci, 'yan uwansa duka sun tafi, ba wanda ya dawo. "Mu gidajen suka tsaya, mutanen suka tafi. Ku kuma gidajen ne suka tafi."

Sai ya sauka bakin ruwa a hankali, yana dafa bango, ya tsamo wani ɗan dutse baƙi mai santsi, ya goge a rigarsa ya sa mini a hannu. "Ka ce mata an karɓi gaisuwa."

Da na dawo, ko turmin atamfar da na kawo Inna ba ta buɗe ba.

"Ka same shi?"

"Na same shi, Inna. Ya ci goro, ya ce a ba ki wannan."

Ta juya dutsen a tafinta ta daɗe. "Garin nasu a bakin kogi yake?"

Na ce e.

"Ruwan yana tafiya?"

"Yana tafiya, Inna."

"Namu ma da yana tafiya," in ji ta. Daga nan ta fara: tsamiyar bakin mashaya, inda suke wanki, gonar rake, zauren babanta da buzun da yake zama a kai. Ta yi ta ba ni labari har aka kira la'asar, kuma a ranar ta kalle ni sosai, ta manta da kunyar ɗan fari. Da ta tashi alwala sai ta jefa dutsen cikin randarta.

Na je koyon kiwon shanu, kuma gaskiya rabin abin da aka koya mana ya bi iska. Abin da ya zauna mini shi ne na je ƙauyen wasu na samo labarin namu. Inna ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Randar tana gidana, dutsen na ciki. Duk lokacin da ruwa ya yi ƙasa moɗa ta taɓa shi, sai in ji ɗan ƙaran nan, in tsaya da moɗar a hannu, in manta ƙishirwa ce ta kawo ni.