Waƙar Bencin Aro

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a wata firamare a Kwaciri, ban taɓa jin tsoron rasa wurina ba sai shekarar da waƙar bencin aro ta fito.

Zaɓe ne ya matso, wani ɗan siyasa mai neman a sake zaɓarsa ya ce zai kawo mana ziyara. Yaranmu a ƙasa suke zama, kowa ya sani. Da safe sai ga mota ta sauke benci da aka aro daga wata makaranta. Aka ɗauki hoto, aka yi tafi. Bayan taro baƙon ya shiga ofishin hedimasta shan ruwa, ya zauna a kan benci. Da zai tashi, ƙusa ta riƙe babbar rigarsa, ta tsarge ta daga baya har ƙasa. Mu huɗu ne a ɗakin ban da shi: hedimasta, da mai riƙe masa jaka, da ni, da ƙawata malamar lissafi. Aka ɗauko masa wata riga daga mota, mu kuma aka ja mana kunne. Kafin la'asar benci ya koma inda ya fito.

Ba a rufa wata ba, ina cikin adaidaita za ni kasuwar Sabon Gari, sai na ji wayar direba tana rera:

Baƙo ya zo da bencin aro,
Yara ku tashi ku yi masa tafi.
Ƙusa ta ce ba inda za ka,
Sai ka bar mini bayan riga.

Matan da ke cikin keken suna ta dariya, ban da ni. Waƙar ba sunan mawaƙi, ba sunan wanda ake yi wa. Amma masu tura waƙoƙi a waya sun baza ta, 'yan adawa sun ɗora ta a motar lasifika, 'yan mata suna tafa ta a lungu.

Hedimasta ya kira mu, ni da ƙawata. Ya ce, "Malamai, daga sama an ce a cikinku zancen ya fita. Wadda aka gano, ta haɗa kayanta, ƙauye za ta."

Ni ƙauye ba zai yi mini ba. Ina da yara uku, ga Inna, mahaifiyata, da na ɗauko tana jinyar hawan jini a wurina. Kullum sai na leƙo ta da rana na ga ta sha magani.

Daga ranar na daina yarda da kowa. Na san mutum ɗaya tak na gaya wa, maigidana, ranar da abin ya faru, muna tsakar gida yana cin tuwo. Na tsare shi da tambaya. Shi kuwa mutum ne da yake sayar da shadda a Kantin Kwari amma ciniki ma da hannu yake ƙarasa shi. Ya ce, "Ni da gaisuwa ma sai an ja ni, ina ni ina kai labari ga mawaƙa?" Na yarda, don na san halin kayana. Na zargi hedimasta, na ga ba wanda zai tona wa kansa rami. Na zargi mai jaka, amma wa zai taɓa shi?

Saura ƙawata. Mutuniyar Barno ce da aka haifa a Fagge, tare muka fara aiki, tare muke cin abincin rana a kwano ɗaya. Sai na fara tuno abubuwa. Ita ce ta toshe baki da mayafi lokacin da rigar ta yage. Ita ce mai son ba'a. Ga ƙanenta yana da shagon tura waƙoƙi a Sabon Gari. Har shagon na je da sunan sayen caja, na tarar waƙar ce ke tashi a lasifikarsa. To, duk layin ita ake sawa, amma mai neman laifi ba ya ganin wannan.

Washegari na shiga ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce kowa ba ne. Amma a duba wa ke da ɗan'uwa a harkar waƙa." Ban ambaci suna ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Bayan mako biyu takardar tura ta ƙauye ta fito. Mota biyu take hawa kafin ta isa sabuwar makarantar.

Bayan zaɓe, wata rana aka tashe mu daga makaranta da wuri. Na shigo gida na tarar da Inna a kan tabarma tana tsince shinkafa, 'yan matan da ke zuwa sayen alawar madararta sun kewaye ta. Tana rera waƙar da tsohuwar muryar waƙar niƙa, suna amsawa. Sai na ji baitin da babu shi a waya ko ɗaya, na yadda aka ja wa malamai kunne.

Na sallami yaran. Na ce, "Inna, a ina kika ji wannan?"

Ta ce, "Ji kuma? Ni na yi abata. Ba ke kika ba mijinki labari ina nan zaune ba?"

Na manta sarai tana wurin. Na saba ganinta a gefe da tasbaha, na ɗauka tsufa ya toshe mata kunne. Ashe matan zamaninsu haka suke, abin da ya ba su haushi ko dariya ba sa faɗa, sai su zuba shi a waƙa suna aiki. Yara suka ɗauka suka fita da ita, wani ya sa mata kiɗa.

Na ce, "Inna, kin san an kori malama zuwa ƙauye saboda waƙar nan?"

Ta ajiye faifan ta dube ni. "Waƙa ba ta san malama ba. Wa ya nuna ta?"

Na ɗauki jakata na shige ɗaki, kunya ta hana ni ko kuka.

Har yau ina koyarwa a Kwaciri. Ƙawata ba ta dawo ba, kuma ban gaya mata ba. Duk Sallah takan aiko mini da kwalbar turaren wuta irin nasu na Barno, ta kira ta gaishe da Inna. A bara ma da muke waya ta ce, "Kin san duk makarantar nan ke kaɗai ce ban taɓa zargi ba." Kwalaben suna nan jere a cikin durowa, ban kunna ko ɗaya ba.