Tafiyarmu Gashuwa a Jar Mota

Da aka kawo ni gidan mijina a Nguru, na tarar da wata mota a bayan gida, ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe ta da tamfol. Ja ce, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, ba ta da rufi, kujerunta biyu kacal. A jikin ƙofarta akwai farin zagaye inda aka taɓa rubuta lamba.

Surukata ce ta ba ni labarinta, muna ɓarar gyaɗa. Ta ce a jirgin ƙasa aka kawo ta daga Kano. Mai ita wani Bature ne ɗan Italiya, mai sayen fatu, wanda yakan ce da ita ya yi tsere a hanyoyin kan dutse a ƙasarsu, kuma irinta kaɗan aka ƙera. A Nguru kuwa ba ta taɓa samun inda za ta miƙe ƙafa ba, kullum yashi na riƙe ta. Surukina ne makanikinsa. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa ita, ya ce zai aiko a ɗauka. Har surukina ya rasu ba a aiko ba.

Malam, mijina, koyarwa ya yi a firamare. Da ya yi ritaya sai ya yaye tamfol ɗin, ya kira abokinsa mai gyaran injin ban ruwa. Injinta na asali ya riga ya daskare, suka cire shi suka adana, suka dasa mata na wata tsohuwar ƙaramar mota. Wata da watanni yana shigo mini da baƙin mai a riga, ina faɗa, yana ba ni haƙuri, gobe ya koma.

Wata safiya ya leƙo madafa.

"Hajiya, ɗauko mayafinki. Za mu Gashuwa mu gaida yayarki."

"A wannan abar? Malam, gwiwoyina ba za su lanƙwasu ba."

"Za su lanƙwasu. Tun ina yaro nake zama a cikinta ni kaɗai, tana tsaye. Yau ina so in waiga in gan ki."

Na ɗauko mayafin. Maƙwabciyata ta riƙe mini hannu na zauna, kamar a kan tabarma. Muka ratsa gefen kasuwa, masu kifi suna ɗaga mana hannu, 'yan adaidaita suna wuce mu suna dariya. Da muka hau kwalta Malam ya taka ta. Iska ta nemi ƙwace mayafina, na ɗaure shi a haɓa. Na dube shi, farin gemunsa ya rabu biyu, yana dariya irin wadda rabona da ji tun muna sababbin aure.

Dab da Jajimaji tururi ya taso daga gaba, ta yi tari ta tsaya. Muka koma inuwar wata tsamiya. Na kwance bandar kifin da na riƙo wa yayata, muka ci rabi, yana ba ni labarin yadda mahaifinsa yakan goge fitilunta da gefen rawaninsa duk Juma'a. Can wani mai a-kori-kura da zai kai albasa unguwar Katuzu a Gashuwa ya ɗaura mana igiya. Haka muka shiga Gashuwa, a jaye.

Yayata ta fito ta dube mu, ta dubi igiyar.

"Sannunku da tsere," in ji ta.

An gyara ta daga baya, amma ba mu sake yin doguwar tafiya ba. Yanzu idanun Malam sun yi rauni, autarmu ce ke tuƙa shi da yamma zuwa bakin fadama, yana gefe yana ce mata ta ƙara wuta.