Gonakin da Babur Bai Kai Ba

Shekarar da na fara aikin malamin gona, an tura ni yankin Auyo in auna amfanin wani sabon irin shinkafa da aka raba wa manoma. Aikin ba wuya. In je gona, a yanki ɗan fili, a buge, in ɗora a sikeli, in rubuta. A ƙarshe in tara duka in raba, in fitar da matsakaici.

Da babur nake yawo, inda ya iya shiga nan nake aunawa. Sakamako ya yi kyau, har na fara jin kaina.

Ranar da zan koma Hadejia na tsaya bakin kogi ina wanke ƙafa. Wani dattijo mai fito yana zaune cikin kwalekwalensa yana kallona.

"Malam, an gama?"

"An gama, Baba. Irin nan ya yi albarka."

"A tudu ya yi," in ji shi. "Ka tsallaka?"

Na ce ban tsallaka ba.

"Mutanen hayi ma an ba su. Ƙanena ya shuka. Ruwa ya hau kan shinkafar kwana da kwanaki, ta ruɓe. Tamu ta gargajiya tana bin ruwa sama, wannan kuwa gajeriya ce."

Na jingine babur na shiga jirgin. Muka ratsa ciyawar kachala har hayi, na ga gonakin da idona. Wasu ko abin ɗorawa a sikeli babu. Kwana uku na yi a can ina bin su ɗaya bayan ɗaya.

A ofis na yi wa shugabanmu bayani. Ya ce abu mai sauƙi ne, in haɗa su da na farko in sake fitar da matsakaici.

"Ranka ya daɗe, idan na haɗa, abin da zai fito ba wanda ya girbe shi. Na tudu sun fi haka nesa, na kwari ba su kai ko kusa ba."

Sai na raba rahoton gida biyu. A ƙasa na rubuta cewa damina ɗaya kawai muka gani, ban san yadda irin zai yi ba a shekarar da kogi bai cika sosai ba.

Ya ɗago kai. "Wa ke rubuta 'ban sani ba' a rahoto?"

"Wanda bai sani ba, ranka ya daɗe."

Ya harare ni, ya yi dariya, ya sa hannu.

Da damina ta zagayo, na tudu suka sake karɓar irin. Mutanen hayi suka shuka tasu ta dā, sai mutum biyu da suka yarda mu gwada sabon a gefen gonarsu mai ɗan tudu.